Tattarawa da Tantance Tsofaffin Kayan Doki a Yammacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce, tsohon doki sai mai shi. Haka abin yake ga tsohon kayan doki, domin wanda bai san asalinsa ba, da wuya ya ga darajarsa. Tsohuwar likkafa da ke rataye a zaure, ga mai wucewa guntun ƙarfe ce da tsatsa ta ci, amma ga mai nazari shaida ce ta ƙira da ciniki da sarauta. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana hanyoyin da ake bi a gane shekaru da asalin irin waɗannan kaya, tare da mai da hankali ga 'Yargalma da kewayenta, wato ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum. Za a fara da misali daga ƙasar Jamus, inda wannan aiki ya daɗe da kafuwa, sa'an nan a dawo gida.

2.0 Misali daga Jamus

A shekarar 1930 aka ƙirƙiro wata lamba a Jamus wadda ake bai wa mutumin da ya nuna gwanintar hawan doki. An yi ta hawa uku: ta tagulla, da ta azurfa, da ta zinariya. Siffarta kamar ƙwai, an kewaye ta da zanen ganye, a tsakiya ga mahayi bisa dokinsa, a ƙasa kuma ga harafin R, wanda shi ne farkon sunan ƙungiyar da ke ba da ita. A yau akwai mutanen da suka duƙufa wajen tara waɗannan lambobi, kuma da yake suna da kuɗi, 'yan jabu ma ba su zauna ba.

Abin lura a nan shi ne, gwanayensu ba su cika tsayawa ga fuskar lamba ba, bayanta suke juyawa. A can ne ake samun sunan kamfanin da ya ƙera ta, kamar kamfanin L. Chr. Lauer na birnin Nuremberg. Sukan duba yadda aka manna allurar da ake maƙala ta da ita, su auna nauyinta, su gane irin ƙarfen, sa'an nan su nemi takardar shaidar da aka bayar tare da ita. Ashe ke nan abu huɗu suke tambaya: da me aka yi, yaya aka yi, wa ya yi, kuma hannun wa da wa ya bi. Waɗannan tambayoyi huɗu su ne za su yi wa mai nazarin kayan dokin Hausa jagora, sai dai shi aikinsa ya fi wuya, domin maƙerin Bahaushe ba ya buga sunansa a jikin linzami, sarki kuma ba ya haɗa kyautar sirdi da takarda.

3.0 Doki da Kayansa a Ƙasar Zamfara

Daular Zamfara na cikin tsofaffin daulolin ƙasar Hausa da suka dogara ga mayaƙan doki. Bayan da Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara wajen shekarar 1762, gidan sarautar ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har ya zauna a Anka a farkon ƙarni na 19. Wani Bajamushe mai suna Kurt Krieger ya yi bincike a Anka a shekarun 1950, ya kuma buga littafinsa na tarihin Zamfara a Berlin a 1959. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, sai yaƙi bisa doki ya kau, kayan suka koma na hawan salla da tarbar baƙi da naɗin sarauta.

Ana iya kasa kayan doki gida uku. Na farko, kayan aiki, waɗanda hawa ba ya yiwuwa sai da su: sirdi, da zubka, da majayi, da likkafa, da linzami, da ragama, da kamazuru, da ƙaimi. Na biyu, kayan ado, kamar jalala, da bishiri, da labbati, da ɗan goshi, da tunku, da layun wuya. Na uku, kayan yaƙi, wato lifidi, da sulke, da kwalkwali, da garkuwa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga zamanin Sarki Kanajeji, tsakanin 1390 da 1410. A ƙasar Hausa waɗannan kaya su ne ke tsayawa a matsayin lambar da Bajamushe ke maƙalawa a ƙirji, don kuwa da ganin adon doki ake sanin matsayin mai shi.

4.0 Hanyoyin Tantancewa

4.1 Irin Ƙarfe

Abin da za a fara ganowa shi ne irin ƙarfen. Mayen ƙarfe yana kama baƙin ƙarfe, amma ba ya kama azurfa ko tagulla ko sanholo. Azurfa idan ta daɗe takan yi baƙi-baƙi, tagulla kuwa takan yi tsanwa a lunguna. Sanholo ba ya da nauyi, kuma shi ne ya fi saurin tona asirin mai ƙarya, domin ba a sami hanyar sarrafa shi da araha ba sai a 1886, bai kuma yawaita a hannun maƙeran ƙasar Hausa ba sai cikin ƙarni na 20. Saboda haka, duk adon da aka yi da sanholo, ko an ce da shi aka yi yaƙin Alƙalawa, maganar ba ta da tushe.

A nan akwai gargaɗi. Wasu kayan zubi akan gauraya su da dalma, da ita kuma akan yi liƙi. Kada a goge irin waɗannan da magagari a cikin gida, kada a ɗanɗana da harshe, kada a bar yara su yi wasa da su. Mutanen 'Yargalma da Dareta da Bagega ba sa bukatar a yi musu dogon bayani, tun da a 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta hallaka yara fiye da 400 a ƙasashen Bukkuyum da Anka.

4.2 Hannun Maƙeri

Bayan ƙarfe sai aiki. Linzami da ƙaimi aikin maƙeran baƙi ne, kayan tagulla da azurfa kuwa na maƙeran fari. Linzamin da aka ƙera a kan uwar maƙera yana ɗauke da sawun masaba, kuma ɓangarorinsa biyu ba sa zama daidai wa daida. Idan aka ga tabon walda, ko noti mai zare irin na kanti, to, ko dai kayan na zamani ne, ko kuwa an yi musu gyara daga baya, kuma wajibi ne a bambanta waɗannan biyun.

Tsohuwar hanyar zubi ita ce a siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, sa'an nan a fasa yumɓun. Da yake kowane mazubi sau ɗaya ake amfani da shi, likkafa biyu na sirdi guda sukan ɗan saɓa wa juna. In kuwa aka tarar da guda goma duk kamarsu ɗaya, da layin haɗi a gefe, to, daga mazubin da ake maimaitawa suka fito. Daɗin daɗawa, sai a duba inda kaya ke cin juna. Likkafar da aka yi shekaru ana hawa da ita, kunnenta inda maɗauri ke shiga yakan side ya yi santsi, haka ma inda tafin ƙafa ke taka. Mai jabu yana iya binne ƙarfe ya yi tsatsa cikin wata ɗaya, amma ba ya iya yi masa irin wannan cin na shekara hamsin.

4.3 Sulke da Takobi

A 1964 A. D. H. Bivar ya buga nazarinsa a kan makaman da ya gani a gidajen sarautar Arewa. Babban abin da ake dubawa a sulke shi ne zobbansa. Akwai wanda kowane zobe an haɗa bakinsa da 'yar ƙusa, wannan shi ne aiki mai wuya, kuma yawanci ta ƙasashen gabas ya shigo. Akwai kuma wanda aka lanƙwasa waya kurum aka haɗa baki da baki, irin wannan galibi na baya-baya ne.

Game da takobi, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ba da labarin cewa ruwan takubban da ake sayarwa a kasuwa yawancinsu daga birnin Solingen na Jamus ake kawo su, a nan gida a yi musu ƙota da kube. A jikin irin waɗannan akan ga tambarin jinjirin wata mai fuska, ko wata dabba mai kama da kare tana gudu. Amma kama da wane ba ta wane. Maƙeran Afirka sun kwaikwayi waɗannan tambura saboda masu saye suna son su, don haka tambari shi kaɗai ba ya isa hujja.

4.4 Kuɗin da ke Jikin Ado

Maƙeran fari sun daɗe suna narka kuɗin azurfa, wani lokaci kuma a huda su a rataya. Mafi shahara ita ce liyari, mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wadda nauyinta ya kai giram 28. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Sun ga an rubuta 1780, sai su ce adon ya haura shekara 200. Gaskiyar magana ita ce, a shekarar ce sarauniyar ta rasu, aka kuma ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ba tare da an sauya ba, har cikin ƙarni na 20 da bayansa. Sulen Turawa na Afirka ta Yamma ya fi ba da haske: an fara buga na azurfa a 1913, a 1920 aka koma buga shi da wani gaurayen ƙarfe mai launin rawaya. Ƙa'idar ita ce, kuɗi yana nuna lokacin da ado ba zai riga shi ba, amma ba ya nuna ranar da aka yi adon.

4.5 Fata da Tufa

Dukawan da can sukan yi aiki da fatar da aka jeme da bagaruwa, su rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko, rawaya da gangamau. Waɗannan launuka sukan dusashe a hankali, su yi taushi ga ido. Rinin kanti kuwa, wanda aka fara haɗa irinsa a Ingila a 1856, ya fi kaifi da ɗaukar ido. Ɗinkin hannu tazararsa ba ta zama daidai, na keke kuwa layi ɗaya yake bi. Zaren roba da leda da soso duk alamun rabin ƙarni na 20 ne na biyu. Tsohon lifidi da audugar rimi ake cusa shi, don haka in an taɓa aka ji soson katifa, magana ta ƙare. Sai dai a tuna, sirdi guda yana iya haɗa zamani uku: icen kaka, fatar uba, jalalar jika. Manyan hawa irin na Kaduna a 1956 da na bikin FESTAC a 1977 lokuta ne da gidajen sarauta suka sabunta kayansu, saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga sabuwar tufa a kan tsohon ice.

4.6 Bakin Masu Abu

Abin da takardar shaida ke yi wa lambar Jamus, shi ne bakin dattawa ke yi wa kayan Hausa. Ya kamata mai nazari ya zauna da Shamaki, da zagage, da Sarkin Maƙera, da tsofaffin matan gida, ya tambayi wanda ya fara mallakar abin, da sarkin da ke kan gado a lokacin, da garin da aka sayo shi. Ya ji daga baki biyu ko uku, kowa daban, sa'an nan ya gwada da abin da ƙarfe da fata suka nuna. In suka dace, an sami ƙarfin guiwa. In suka saɓa, a rubuta duka biyun, kada a ƙaryata dattijo a gabansa, domin sau da yawa labarin gaskiya ne, kayan ne aka musanya.

5.0 Matsaloli da Hanyar Adanawa

Abokan gaban waɗannan kaya suna da yawa. Akwai gara da danshi da gobara. Akwai 'yan gwangwan da ke sayen tagulla a kan sikeli, su kai a narka. Akwai dillalan da ke fita da su waje, alhali dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba. Ga kuma rashin tsaro da ya ta da ƙauyuka da yawa a yammacin Zamfara, wanda kuwa ke gudun ceton rai ba ya ɗaukar sirdi.

Duk da haka, akwai abin da kowane gida zai iya yi. A bai wa kowane abu lamba, a ɗauki hotonsa gaba da baya, a auna shi, a rubuta sunansa da karin harshen masu shi, tare da labarinsa da sunan wanda ya bayar. Kada a darje ƙarfe da yashi ko toka don ya yi ƙyalli, domin shaidar shekarunsa ake kankarewa. A rataye kaya nesa da ƙasa, inda iska ke shiga. Wanda ya ga ba zai iya adanawa ba, ya nemi shawarar ma'aikatan Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ko na Gidan Makama a Kano.

6.0 Kammalawa

An ga cewa tantance tsohon kayan doki ba ya tsayawa ga alama ɗaya. Sai an haɗa shaidar ƙarfe, da ta aikin hannu, da ta fata da tufa, da ta bakin masu abu, kafin a yanke hukunci. Ga ɗalibin Hausa kuwa ribar ta wuce nan, domin kowane kaya yana tafe da sunansa, da sunayen sassansa, da kirarin mai hawansa. Ranar da aka narka wangami na ƙarshe a wani gida, ba a daɗewa kalmar ma takan fita daga bakin yaran gidan. Don haka ya kamata ɗaliban da suka fito daga Anka da Gummi da Bukkuyum su riƙa amfani da lokacin hutu, su ɗauki littafi da alƙalami, su zauna da dattawa tun suna raye.