Amfanin Mai Jinkirin Koyo a Cikin Ƙungiya

An saba cewa mutum ya koyi abu, amma a kan ce kamfani ko asibiti ma ya koyi darasi. Abin da a ke nufi shi ne, ƙungiya tana da nata sanin, wanda ya ke ajiye cikin ƙa'idodinta da al'adun aikinta, ya kan kuwa wanzu bayan waɗanda su ka kawo shi sun tafi. Binciken irin wannan sani yana da wuya. Ba shi yiwuwa a gudanar da kamfani shekara 20 bisa wata hanya, sa'an nan a komar da shi farko a gwada wata. Sabo da haka masana su ka koma ga kwaikwayo, watau a ƙaga ƙungiya cikin kwamfuta, a sa mata 'yan dokoki kaɗan, a sake ta a ga inda za ta dosa.

Richard Cyert da James March, malamai a birnin Pittsburgh na Amurka, suna cikin waɗanda su ka fara wannan aiki, cikin littafinsu na 1963 a kan halayen kamfani. Amma kwaikwayon da ya fi yin suna shi ne wanda March ya buga a 1991, sa'ad da ya ke Jami'ar Stanford.

Ga yadda ya tsara shi. Ya ƙaga duniya mai al'amura 30, amsar kowanne i ce ko a'a. Ya sa mutum 50, kowa da zatonsa a kan kowane al'amari, ko i, ko a'a, ko bai sani ba. Sa'an nan akwai ƙa'idar gida, watau abin da ƙungiya ta ɗauka gaskiya ne, da farko kuwa ba ta san kome ba. A kowane zagaye mutane su kan karkata ga abin da ƙa'ida ta ce, ita kuma ta kan gyara kanta ta bin rinjayen waɗanda zatonsu ya fi nata dacewa da gaskiya. Ba mai ganin gaskiyar da idonsa, ba kuma mai koyo daga ɗan'uwansa sai ta hanyar ƙa'ida. Kowane tsari an maimaita shi sau 80.

Ƙarshen al'amari kullum ɗaya ne: kowa ya kan yarda da ƙa'ida, koyo ya tsaya. Bambanci yana ga matsayin da a ka tsaya. In mutane masu saurin ɗauka ne, baki ya kan zo ɗaya da wuri, amma bisa sani kaɗan. In masu jinkiri ne, a kan daɗe ana saɓani, ƙa'ida kuwa ta kai sanin da ya fi. Dalili shi ne, ƙa'ida ba ta ƙaruwa sai da wanda ya saɓa mata. Wanda ya bar zatonsa tun ran farko ya bar har da abin da ya ke daidai a ciki, kafin gida ya amfana da shi. Tsarin da ya fi duka shi ne mutane su koya a hankali, ƙa'ida ta koya da sauri.

A nan akwai abin da malamin horo zai tsaya a kai, tun da ɗalibin da ya fi saurin haddace tsarin makaranta shi a ke yabo. March ya gwada gauraya masu sauri da masu jinkiri, ya tarar gaurayen ya fi kyau, amma ribar ba ta rabu daidai ba. Masu jinkiri su ke ciyar da ƙa'ida gaba, masu sauri su ke kwashe amfanin. Ashe abin da ya fi wa mutum ɗaya riba ba lalle ne shi ya fi wa gida ba.

Da ya sa duniyar ta riƙa sakewa, sai abin ya tsananta. Ƙungiyar da bakinta ya riga ya zo ɗaya ba ta da mai nuna mata an sake, saninta sai ya yi ta raguwa har ya koma daidai da canke. Abin da ya tsare ta shi ne fitar waɗansu da shigar baƙi, gwargwado. Baƙo bai kai tsohon ma'aikaci sani ba, amma ɗan abin da ya sani sabo ne ga gidan.

Ko da ya ke haka, ba a ɗaukar kwaikwayo a madadin shaida. Mutanen March ba su da muƙami, ba sa tsoron kora, ba sa ƙyashin juna. Babban raunin kuma shi ne, ƙa'idarsa tana gane wanda ya fi ta dacewa da gaskiya ba kuskure. A ofis na gaske, rarrabe mai gardama da ke kan daidai da mai taurin kai kawai shi ne aikin da ya fi ba shugabanni wuya, kwamfutar kuwa ta tarar da shi an riga an yi mata.