Hali Zanen Dutse? Gabatarwa ga Ilmin Asalin Halayyar Ɗan'adam

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a gabatar wa malamai da masu nazarin Hausa wani reshe na ilmin halayyar ɗan'adam wanda bai daɗe da kafuwa ba, a kuma gwada shi da zaman manoman ƙasar Funtuwa da Malumfashi. Masu wannan ilmi suna cewa zuciyar mutum ba ta zuwa duniya kamar wankakken allo, wanda kowane rubutu aka ɗora masa zai zauna daidai da ɗan'uwansa. Tana zuwa ne da shirin da ta gada, wanda yakan sa koyon waɗansu abubuwa ya zo da sauƙi, waɗansu kuwa sai da wahala. Ba za a shiga maganar mafarin halitta a nan ba, wannan fage ne da yake da malamansa. Abin da za a bayyana shi ne yadda masana kimiyya suke kafa hujjarsu, da wurin da mai nazarin harshe zai iya sa musu hannu.

2. Tushen magana

Kowane manomi ya san cewa in kaka ta yi, ba kowace zangarniya ake ware wa iri ba, sai wadda ta fi cika da nauyi. In aka daɗe ana haka, sai dawar ta ɗauki siffar abin da ake zaɓa. Da irin wannan misali Charles Darwin ya buɗe littafinsa na 1859, ya ce yanayi ma yana zaɓe, ko da yake ba da nufi ba. In 'ya'yan halitta guda sun bambanta, bambancin kuma ana gadonsa, to, wanda siffarsa ta fi taimaka masa ya rayu ya hayayyafa, shi zai fi barin baya. Wannan shi ake kira zaɓin yanayi, kuma shi ne ginshiƙin juyin halitta.

A jikin mutum an tabbatar da haka. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa wanda ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya kawai cikin iyayensa ya fi jure wa zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ƙwayar ta yawaita a ƙasashen sauro irin tamu, duk da cutar da take jawo wa wanda ya gaje ta daga uwa da uba. Abin tambaya shi ne: in jini ya ɗauki alamar muhallin kakanni, ƙwaƙwalwa fa?

Tsofaffin ƙasusuwan mutane irinmu da aka tono a Jabal Irhud ta ƙasar Maroko sun kai shekara wajen 300,000. Noma kuwa bai wuce shekara 12,000 ba ko'ina a duniya, shaidar noman gero mafi tsufa da aka samu a ƙasar Mali ma shekararta wajen 4,500 ce. Ashe ke nan mafi yawan zaman ɗan'adam ya yi shi ne yana farauta da tsintar 'ya'yan itace a cikin ƙananan ƙungiyoyi na dangi, kuma matsalolin wannan zama su ake zaton sun fi barin zane a zuciyarsa.

Littafin da ya tsayar da wannan ilmi da ƙafafunsa shi ne The Adapted Mind na 1992, wanda Jerome Barkow da Leda Cosmides da John Tooby suka shirya. Abin lura gare mu shi ne Barkow a cikin Hausawa ya yi bincikensa na farko. A 1973 ya buga maƙala inda ya kwatanta zaman Musulmi da na Maguzawa a Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda a lokacin ta haɗa lardin Zazzau da na Katsina, har da Funtuwa da Malumfashi. Ya kuma yi bincike a Maraɗi.

3. Tsoron maciji

Bahaushe yakan ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da dare waɗansu ba su ko kiran sunansa, sai su ce igiyar ƙasa, kububuwa kuwa kirarinta gobe da nisa. Tsoron yana da dalili. Binciken cututtuka da likitocin Libaful da na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi a Malumfashi cikin shekarun 1970 ya haɗa da saran maciji, kuma a 1980 Pugh da Theakston da abokan aikinsu suka bayyana yadda kumurci yake damun mutanen yankin, yana shiga har cikin gidaje, ga sara ga fesa dafi a ido.

To, wannan tsoro gado ne ko koyo? Darwin ya ba da labari a littafinsa na 1872 cewa ya kara fuskarsa da gilashin da aka tsare kasa a gidan namun daji na Landan, da niyyar ba zai motsa ba, amma da ta kai sara sai ya yi tsalle da baya. Gwajin da ya fi warware maganar shi ne na Susan Mineka da Michael Cook cikin shekarun 1980. Birin da aka haifa a ɗakin gwaji ba ya tsoron maciji, amma in ya ga wani biri ya firgita da shi, nan da nan yakan ɗauka. Da aka harhaɗa hoton majigi yadda zai ga kamar furanni ne suka firgita ɗan'uwansa, bai koyi tsoron furanni ba. Watau abin da aka gada shi ne saurin koyon tsoron, ba tsoron kansa ba.

Karin maganar tsumma ma tana da lissafi a cikinta. Wanda ya guji tsumma ya yi hasarar taku biyu, wanda ya ɗauki maciji tsumma ya yi hasarar rai, saboda haka kuskuren farko ya fi araha. Amma shirin ya dace da tsohuwar duniya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, haɗarin hanya kuwa ya kashe wajen miliyan 1.19 a 2021. Duk da haka mutumin da zai yi tsalle don saɓar maciji zai shiga mota daga Funtuwa zuwa Zariya ya yi barcinsa.

4. Gandu da gayya

In zaɓin yanayi yana fifita mai barin baya, me ya sa mutum yake wahala domin wani? A 1964 William Hamilton ya amsa rabin tambayar. Shaƙiƙai suna tarayya a rabin ƙwayoyin gadonsu, waɗanda suka haɗa uba kaɗai ko uwa kaɗai a rubu'i, saboda haka taimakon dangi taimakon abin da aka gada tare ne, kuma ana sa ran ƙarfinsa ya bi kusanci. Gandu, inda uba da 'ya'yansa ko wa da ƙannensa suke noma tare suna ci daga rumbu guda, misali ne na wannan.

Harshe ya ajiye wata shaida. Kalmar da Hausa ta zaɓa ga kowane makusanci ita ce ɗan'uwa, ɗan'uba kuwa ta koma ma'anar abokin hamayya, har aka sami 'yan'ubanci. Sai dai a yi hattara. Waɗanda suka haɗa uwa kaɗai su ma rubu'i ne, amma ba a kiransu da sunan gaba. Ashe ba lissafin jini kaɗai ke aiki ba, akwai zaman kishi tsakanin ɗakuna, da rabon gado, da sarauta, waɗanda duk ta wajen uba suke zuwa.

Ɗaya rabin Robert Trivers ya amsa shi a 1971: taimakon bare yana ɗorewa in ana ramawa, in kuma ana gane mai ci bai biya ba. Gayya haka take, yau a gonarka gobe a gonar wani, haka bikin da mata suke yi wa juna, wanda ba a mance abin da aka kawo. A 1989 Cosmides ta nuna cewa matsalar tunani da ta gagari yawancin ɗalibai takan yi musu sauƙi in aka mai da ita neman wanda ya ci moriya bai cika sharaɗi ba. Waɗansu masana sun ja da fassarar da ta yi wa gwajin. Mu dai mu lura da yawan kalmomin da Hausa ta tanada a wannan fage: butulu, maha'inci, mazambaci, maci amana, ci-ma-zaune.

5. Girma da kirki

A maƙalarsa ta 1975 Barkow ya ce neman girma a idon jama'a hali ne na kowane ɗan'adam, mai tushe guda da neman fifiko a cikin garken birai, amma al'ada ita ke faɗin abin da ake samun girman da shi. A wani wuri rumbu ne da yawan iyali, a wani ilmi ne, ko kyauta, ko zuwa Makka. Littafin Kirk-Greene na 1974, Mutumin Kirkii, ya jero irin ma'aunan da Hausawa suke auna mutum da su, kamar gaskiya da amana da haƙuri da kunya. Ƙishirwar guda ce, rijiyoyin ne suka bambanta.

6. Iyakar ilmin da aikin da ke gabanmu

Akwai abu uku da ya kamata malami ya tuna. Na ɗaya, ƙirƙiro labarin asalin wani hali abu ne mai sauƙi, tabbatar da shi ke da wuya, domin tunani ba ya barin ƙashi a ƙasa. Na biyu, cewa hali yana da tushe a gado bai mai da shi daidai ba, bai kuma hana tarbiyya ta tanƙwara shi ba. Na uku, a 2010 Henrich da Heine da Norenzayan sun yi nuni da cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka gwada a manyan mujallun ilmin halayya sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kawai na jama'ar duniya. Duk maganar da aka yi a kan ɗan'adam baki ɗaya tana bukatar a gwada ta a Bakori da Ƙafur da Ɗanja.

Nan ne aikinmu yake. Ɗaliban kwalejojin horon malamai za su iya tattara kalmomin tsoro da na zumunta da na zargi daga bakin manoma da matan aure, su rubuta wa ya faɗa, ga wa, kuma a kan me, sa'an nan a kwatanta da na Fulatanci da na Gwari. Abin da ya zo ɗaya a harsunan ya cancanci a nemi tushensa can baya, abin da ya bambanta kuwa a neme shi a tarihin mutanen.