Madafa Ma Makaranta Ce

'Yan'uwa manoma na Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa, yaranmu da yawa suna gudun darasin kimiyya, wai abin Turawa ne. Alhali kuwa kullum iyayensu mata suna aikin kimiyya a gindin murhu.

Ku duba nono. Mace takan zuba ɗan tsohon nono cikin madara, ta rufe ƙwarya, da safe ya zama kindirmo. Waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cin zaƙin madarar, su mai da shi tsami. Wani masani na Faransa, Louis Pasteur, ya bayyana wannan a 1857. Haka daddawa take: a dafa kalwa, a rufe ta wajen kwana 3, irin halittun nan su yi aikinsu.

Ga gwaji mai sauƙi. A zuba zoɓo a kofi 2. A sa kanwa a ɗaya, ruwan tsamiya a ɗayan. Na kanwa zai yi duhu, na tsamiya ya ƙara ja. Kada ku yi saurin ba yaro amsa. Ku tambaye shi dalili, ya kai tambayar wurin malaminsa.

Iyaye maza, ku bar 'yan maza su ma su matso kusa da tukunya. Yaron da ya saba aunawa da tambaya a gida, shi ne gobe zai iya auna taki da maganin ƙwari daidai a gonar ƙungiya.