Abin da ke sa "misin" ya riƙa dawowa a tsohuwar motar ɗaukar kaya

Duk wanda ke da a-kori-kura ko tsohuwar motar ɗaukar kaya ya san wannan yanayi: inji ya riƙa karkarwa a sulo, idan an taka totur ya yi ta shessheƙa, a hawa kuma ƙarfinsa ya ragu. Makanikai na kiran wannan "misin". Sau da yawa akan sauya filogi, matsalar ta lafa na mako biyu ko uku, sannan ta dawo. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 asarar ta ƙara nauyi, domin silindar da ta daina aiki tana ci gaba da shan mai, ta kuma fitar da shi ɗanye ta salansa.

Kowace silinda a injin fetur tana buƙatar abubuwa uku kafin ta yi aiki: wuta a kan lokaci, cakuɗar mai da iska daidai gwargwado, da kuma matsi mai ƙarfi. Idan ɗaya ya gaza, sai ta yi fashi. Filogi shi ne ya fi sauƙin zarewa, shi ya sa akan fara ɗora masa laifi, alhali sau da yawa wata matsala ce daga ciki take lalata shi.

Matakin farko shi ne mai mota ya lura da lokacin da matsalar ke tasowa. Idan da sanyin safiya ne ko bayan ruwan sama, a duba wayoyin filogi da murfin distiributa, domin laima na sa wuta ta zurare. Idan sai inji ya ɗauki zafi, akwai yiwuwar koyil ne ya raunana. Idan a sulo kaɗai ne, wataƙila iska ce ke shiga ta wani tiyo da ya tsage. Idan kuwa sai an yi lodi ko ana hawa, a duba koyil da famfon mai da matatar mai. A lokacin hunturu ƙura kan toshe matatar iska. Gurɓataccen mai ma yana jawo hakan, kamar yadda masu motoci suka gani a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol Najeriya.

Mataki na biyu shi ne gano silindar da ke fashi. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996 suna da mahaɗar da ake jona na'urar bincike. Lambar P0301 na nufin silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, P0300 kuma na nuna matsalar tana yawo tsakanin silindodi. Daga nan sai a musanya koyil ko filogin wannan silinda da na maƙwabciyarta. Idan matsalar ta bi abin da aka ɗauke, an kama mai laifi ba tare da an sayi komai ba. Idan ta tsaya inda take, sai a koma kan nozul da matsi.

Tsohon filogi kansa shaida ne, don haka kada a yar da shi kafin a duba bakinsa. Baƙin hayaƙi busasshe na nuna mai ya yi yawa. Maiƙo na nuna baƙin mai yana tsallakowa ta ringi ko bawul. Idan ya fito tas kamar an wanke shi, ruwan lagireto kuma yana raguwa, to gasket ne ake zargi. A irin waɗannan yanayi sabon filogi ba zai daɗe ba.

A nan ne gwajin matsi yake da muhimmanci. Idan silinda ɗaya ta yi ƙasa da sauran sosai, sai a zuba ɗan baƙin mai ta ramin filogi a sake gwadawa. Matsin ya tashi, ringi ne ya cinye. Bai tashi ba, bawul ne ko gasket. Silindodi biyu da ke jere su faɗi tare kuwa, alama ce ta gasket ya ƙone a tsakaninsu.

Injin dizal ba ya amfani da filogin wuta, don haka akan duba nozul, da iska a cikin bututun mai, da ruwa a cikin man. A tsofaffin injuna makanikai kan sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka sassauta sautin inji bai sauya ba, silindarsa ce ta mutu. Wannan gwaji yana da haɗari a injunan zamani masu matsin mai mai tsanani.

Kafin mai mota ya biya kuɗin kaya a gareji, ya dace ya tambayi makanike wace silinda ce, wane gwaji aka yi, da abin da gwajin ya nuna. Ci gaba da tuƙi a haka kan sa ɗanyen mai ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, har gyaran koyil ɗaya ya kai ga sauke inji.