Kafin Ku Danna "Na Yarda" A Waya

Kun buɗe waya don duba farashin riɗi ko canjin kuɗin Habasha, sai wani akwati ya tare muku shafin, yana neman ku danna "Accept all", ko da Larabci "Ƙabul". Yawancinmu mukan danna kawai don ya kauce. To, me muka yarda da shi?

Akwatin yana neman izinin ajiye abin da ake kira kuki. Ɗan rubutu ne ƙarami da shafin intanet ke ajiyewa a wayarku. Kai makiyayi ka san shaidar da ake yi wa saniya a kunne, ko ta shiga garken wani a gane ta. Haka kuki yake: da kun dawo, shafin zai gane wayar nan ta taɓa zuwa. Wani injiniyan kamfanin Netscape a Amurka, Lou Montulli, ya ƙirƙiro shi a 1994.

Kukin iri-iri ne. Akwai na dole, wanda ke sa shafi ya tuna kun shiga asusunku. Akwai na ƙidaya, irin na Google Analytics, mai sanar da mai shafi yawan masu zuwa, daga wane yanki, da wace irin waya, da abin da suka daɗe suna karantawa. Akwai kuma na talla, mai bin sawunku daga shafi zuwa shafi. Na biyu da na ukun ne ake neman izininsu.

Me ya sa ake tambaya? Doka ce. Tarayyar Turai ta wajabta neman izinin a 2009, ta ƙara tsananta shi da dokar kare bayanai ta 25 ga Mayu 2018. A Janairun 2022 hukumar Faransa ta sanar da tarar Yuro miliyan 150 a kan Google, da miliyan 60 a kan Facebook, don sun sauƙaƙa yarda, sun wahalar da ƙi. Najeriya ta yi tata dokar kare bayanai a 2023, Habasha a 2024.

Ga abin da za ku riƙe. Na farko, kuna da ikon ƙi. Ku nemi "Reject all" ko "Rafd", galibi shafin zai buɗe lafiya lau. Na biyu, in kun ari wayar ɗan'uwa a kasuwa ko a tashar mota, ku fita daga asusunku kafin ku mayar, don kukin na iya barin ƙofar a buɗe ga wanda ya karɓa bayanku. Na uku, kuma shi ne babba: akwatin kuki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, ko lambar asusun Bankak, ko lambar da aka turo muku ta saƙo. Duk akwatin da ya nemi waɗannan, ɓarawo ne ya sa rigar mai gadi. Ku rufe shafin nan take.

Ku gaya wa na gida, musamman dattawan da yara ke danna musu waya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya kiyaye hanya.