Cutar Gawut da Hauhawar Yurik Asid: Abin da Ya Kamata Mazauna Suleja Su Sani Game da Maganin Homiyofati

Galibi da tsakar dare ciwon yake sallama. Mutum ya kwanta lafiya lau, sai ya farka da raɗaɗi a gindin babban yatsan ƙafa, wurin ya kumbura, ya ɗauki zafi, ko mayafi ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Ga ɗan kasuwar da ke wuni a tsaye a Kasuwar IBB ta Suleja, ko ma'aikacin da ke sammakon bin hanyar Madalla zuwa Abuja, wannan na nufin kwanaki ba fita, ba neman abinci.

Jama'a kan haɗa irin wannan ciwo da sauran ciwukan gaɓoɓi su kira su sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai. Likitoci kuwa suna da suna na daban gare shi, wato gawut, kuma sun san musabbabinsa. A 'yan shekarun nan tallace-tallacen magungunan homiyofati na yawo a Facebook da WhatsApp, suna alkawarin wanke yurik asid daga jini ba tare da wata illa ba. Kafin majiyyaci ya zuba kuɗinsa, ya dace ya san yadda cutar take da kuma abin da bincike ya nuna.

Yadda cutar ke samuwa

Yurik asid sinadari ne da jiki ke samarwa idan ya narka wasu sinadarai da ake kira fiyurin, waɗanda ke cikin ƙwayoyin halittar jiki da kuma wasu nau'o'in abinci. Ƙoda ce ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku nasa ta fitsari, sauran kuma ya bi ta hanji. Idan jiki ya samar da shi fiye da kima, ko ƙoda ta gaza fitar da shi yadda ya kamata, sai ya taru a jini. A mafi yawan masu cutar, matsalar daga wajen fitarwar take.

Da zarar ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini, yakan fara daskarewa ya zama ƙwayoyin gishiri masu tsini kamar allura, su zauna a cikin gaɓa. Dakarun garkuwar jiki su far musu, daga nan kumburi da raɗaɗi su tashi. Wani likitan Ingila, Alfred Garrod, shi ne ya nuna a shekarar 1848 cewa jinin masu wannan cuta na ɗauke da yurik asid mai yawa.

Cutar ta fi kama maza, mata kuma sukan fi fuskantar ta bayan sun daina al'ada. Gado, ƙiba, hawan jini da ciwon ƙoda duk suna ƙara haɗarin. Haka nan wasu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari. Ta fuskar abinci, jan nama, kayan ciki irin su hanta da ƙoda, barasa da lemukan kwalba masu yawan zaƙi na daga cikin abubuwan da ke tayar da ita. Ƙarancin ruwa a jiki, kamar yadda ake fama da shi a zafin watannin Maris da Afrilu, shi ma yana taimakawa.

Mene ne homiyofati?

Da yawa suna ɗaukar homiyofati a matsayin maganin gargajiya na Turawa, irin sassaƙe da saiwoyin da aka saba da su. Ba haka ba ne. Tsari ne da wani likitan Jamus, Samuel Hahnemann, ya gabatar a shekarar 1796. Ya ginu a kan ƙa'idoji biyu. Ta farko, abin da ke jawo alamun ciwo ga mai lafiya shi zai warkar da irin waɗannan alamu ga marar lafiya. Ta biyu, gwargwadon yadda aka tsarma magani aka girgiza shi, gwargwadon ƙarfinsa.

Ga cutar gawut, masu wannan tsari sukan ba da magunguna irin su Colchicum, Ledum palustre, Urtica urens da Benzoicum acidum, galibi a matsayin ƙananan ƙwayoyin sukari ko ruwan ɗigawa. A jikin kwalbar akan ga lamba kamar 6C ko 30C. Harafin C na nufin an ɗauki ɗigo ɗaya na maganin an zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa. Lambar kuma ita ce adadin maimaita hakan. Ke nan 30C na nufin an yi wannan tsarmawa sau 30 a jere. Lissafin ilimin sinadarai ya nuna cewa daga tsarmawa ta 12 zuwa sama, da wuya a samu ko ƙwaya ɗaya tak ta asalin maganin a cikin kwalbar.

Abin lura a nan shi ne, tsiron Colchicum ɗin shi ne tushen kolcisin, maganin da asibitoci ke bayarwa don kwantar da tashin gawut, wanda masana sinadarai biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, suka fara tacewa a shekarar 1820. Bambancin shi ne na asibiti yana da awo sananne. Na homiyofati idan an tsarma shi sosai babu abin da ya rage a ciki, idan kuma ba a tsarma ba yana iya zama guba, domin tazarar da ke tsakanin awon da ke magani da wanda ke cutarwa a kolcisin 'yar kaɗan ce.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2010 kwamitin kimiyya da fasaha na majalisar dokokin Birtaniya ya bayyana cewa magungunan homiyofati ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta aiki ba. A 2015 majalisar binciken lafiya ta ƙasar Ostareliya ta yi nazarin ɗimbin bincike, ta kammala da cewa babu wata cuta da aka samu ingantacciyar hujjar cewa homiyofati na maganinta. Hukumar lafiya ta Ingila ta ba likitocinta shawarar daina rubuta su a 2017, Faransa kuma ta daina biyan kuɗinsu daga asusun inshorar lafiya a farkon 2021. Sai dai tsarin na da ƙarfi a Indiya, inda yake ƙarƙashin ma'aikatar AYUSH da aka kafa a 2014.

To me ya sa ake samun masu rantsuwa cewa ya yi musu aiki? Amsar tana cikin ɗabi'ar cutar. Tashin gawut yakan lafa da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu ko da ba a sha komai ba, kuma yana iya ɗaukar watanni bai dawo ba. Duk abin da mutum ya sha a kwanakin, shi zai samu yabo. Amma lafawar raɗaɗi ba ta nufin yurik asid ya sauka. Gishirin na nan yana taruwa a ɓoye. Bayan shekaru yakan zama kullutu a yatsu, gwiwar hannu ko kunne, ya cinye gaɓa, ya kuma haifar da tsakuwar ƙoda.

Matsayin doka a Najeriya

Majalisar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, ita doka ta ɗora wa alhakin sa ido kan masu aikin madadin maganin asibiti, ciki har da homiyofati. Hukumar NAFDAC kuma ita ke rajistar magungunan da ake sayarwa. Ya kamata mai saye ya sani cewa lambar da NAFDAC ke bai wa magungunan tsirrai a matakin farko shaida ce ta cewa an duba rashin illarsu, ba tabbacin suna warkarwa ba. Shi ya sa akan rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba.

Maganin da aka tabbatar

Likitoci na raba maganin gawut gida biyu. Akwai na kashe wutar ciwon idan ya tashi, wato kolcisin, magungunan rage kumburi irin su naproxen, ko prednisolone na 'yan kwanaki. Akwai kuma na rage yurik asid na dogon lokaci, wanda mafi shahara a ciki shi ne allopurinol, da aka fara amfani da shi tun shekarun 1960, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Akan ba da shi ga wanda ciwon ke tasar masa sau biyu ko fiye a shekara, ko mai kullutu, ko wanda gaɓarsa ta fara lalacewa. Manufa ita ce a sauko da yurik asid ƙasa da miligiram 6, wato kimanin 360 a ɗaya ma'aunin da wasu ɗakunan gwaji ke amfani da shi.

Wannan magani ma yana da sharuɗɗa. Ana farawa da ɗan kaɗan a riƙa ƙarawa bisa sakamakon gwaji. A watannin farko ciwon na iya tashi, abin da kan sa wasu su yi watsi da shi, alhali hakan ba ya nufin maganin ya gaza. Wanda ya ga ƙuraje sun feso masa bayan ya fara sha, ya dakata nan take ya koma asibiti. Wanda kuma gwaji ya nuna yurik asid ɗinsa ya hau amma bai taɓa ciwon ba, galibi ba ya buƙatar magani, sai gyaran abinci da sa ido.

Akwai wani haɗarin da ya fi kusa da jama'a: sayen diclofenac ko ibuprofen a kemis ana sha kullum. Yin haka na iya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, ita ƙodar da ake buƙata don fitar da yurik asid.

Gwajin yurik asid da na lafiyar ƙoda gwaje-gwajen jini ne masu sauƙi. Mazaunin Suleja na iya farawa daga Babban Asibitin Suleja, idan lamarin ya buƙaci ƙwararru a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Duk gaɓar da ta kumbura tare da zazzaɓi tana buƙatar ganin likita a ranar, domin ƙwayoyin cuta a cikin gaɓa kan yi kama da gawut, kuma suna iya lalata ta cikin kwanaki.

Wanda ya riga ya fara shan maganin homiyofati, abin da ya fi masa shi ne ya sanar da likitansa, kada ya ajiye maganin asibiti saboda shi, sannan ya auna jininsa kafin da bayan wasu makonni. Ya rage tsire, balangu da farfesun kayan ciki, musamman a kwanakin Babbar Sallah, ya yawaita shan ruwa, ya rage ƙiba a hankali. Lambar da takardar gwaji ta nuna ita ce za ta faɗa masa ko maganin da yake sha yana aiki.