Ba Kowace Shanyayyiyar Ƙafa Ce Shan Inna Ba

Tun da aka sake jin labarin ɓullar wani nau'in ƙwayar shan inna a jihar Kano, duk yaron da aka gani yana jan ƙafa a Koguna ko sauran ƙauyukan Makoda sai a ce ai Inna ce ta sha shi. Rigakafi dole ne, babu mai ja da wannan. Amma akwai wata masifar da ta fake a bayan sunan shan inna, ba ta da gangami, ba ta da mai yekuwa: allurar ɗuwawu.

Babbar jijiyar da ke kai saƙo daga laka zuwa ƙafa ta cikin mazaunai ta ratsa. A 1850 Augustus Waller ya nuna a jikin kwaɗi a Ingila cewa in jijiya ta yanke, sashen da ya rabu da tushe lalacewa yake. Tushen kan sake tofo, amma tafiyar hawainiya yake yi, kimanin milimita 1 a rana, tsoka kuwa in ta haura shekara guda ba saƙo, da wuya ta dawo daidai. Masu cewa "yaro ne, zai warware" su ji wannan: da masana suka yanke wannan jijiya a jikin jinjirayen ɓeraye, ƙwayoyin laka masu yawa mutuwa suka yi ɗungurungum, alhali na manyan ɓeraye sun rayu.

To, ga damina ta yi, zazzaɓi ya kama yaro. Uwa ta goyo shi zuwa kemis, ita da kanta take roƙon allura don a ganinta ƙwaya ba ta aiki. A kifa shi a cinya yana wutsil-wutsil, ɗuwawun babu tsoka, a soka inda hannu ya faɗa. Ya ƙwalla ƙara, washegari tafin ƙafa ya langaɓe, yatsu na shara ƙasa. Daga nan sai wurin mai ɗori, sai turare, watanni na wucewa. Ƙaramin yaro a gefen cinya ake masa allura, kowane ƙwararren ma'aikacin lafiya ya san haka.

Wa ke duba takardun masu kemis ɗin nan? Sashen lafiya na ƙaramar hukuma na da ma'aikatan da ke shiga gida-gida da ɗigon rigakafi. Me zai hana su riƙa tambayar uwa ko allura aka yi wa yaron, su kai rahoto, su tura shi asibitin ƙashi na Dala a fara gashi cikin makon?